Tsamiya a Kuncin Goggo Celina

Kakuri, Kaduna
11 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga 'yata Hadassah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya karatu, yaya Maiduguri? Ina fata kina cin abinci, ba biskit da ruwan leda ba kamar yadda na same ki bara. Mu nan Kakuri da sauƙi. Rukayya mai waina ta gaishe ki, Oga Chidi da sauran makanikai ma kullum sai sun tambayi Likitarmu.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Nicholas direba alhali ga waya. Maganar ce ta fara gagarata. In na yi minti biyu ina surutu sai harshena ya manne a sama, sai na kurɓi ruwa kafin in ƙarasa. Ke kin san ni, ko a coci sai an ce Celina ki bari wasu su sa baki. To yanzu an huta da ni.

Bakina ya bushe, Hadassah. Tun wajen Kirsimeti abin ya soma, na ɗauka sanyi ne, zai wuce. Bai wuce ba. Yawu ya ɗauke ƙaf. Ko zare zan sa a allura ba ni da abin jiƙa bakinsa. Tuwon acha da na tuƙa da hannuna, in na kai loma sai ta tsaya mini a maƙogwaro kamar na haɗiyi auduga, sai na bi ta da ruwa. Nama kuwa sai dai in tauna in tauna in fitar. Ga ƙwannafi da ya sa ni gaba.

Duk wannan zan iya jurewa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne harshena ya daina gaya mini gaskiya. Shekara ashirin da ɗaya ina dafa abinci a rumfar nan ta gaban tsohuwar masaƙa, ban taɓa auna gishiri da cokali ba. In ɗiga miya a tafin hannu, in lasa, shi ke nan. Ranar Talata Oga Chidi ya kai cokali biyu ya ajiye. Mutumin da ke shan gwatena tun kina firamare. Nan na san da magana. Na kira Rukayya ta bar tandarta ta zo ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce, "Maman Hadassah, buhun gishiri ne ya faɗa ciki?" Ni a bakina lami na ji, shi ya sa na yi ta ƙarawa. Tukunya guda na juye a kwata ina kallo.

Idona ma ya dame ni, kamar an watsa mini yashi. Da safe sai na sha fama kafin ya buɗu.

Rukayya ta ce in je asibiti. Na ce asibitin me, ina da likita a gida? Na san kin sha gaya mini ba likitanci kike karantawa ba, wai ilimin yadda jiki ke aiki ne. Ni duk ɗaya ne a wurina, Oga Chidi ma ai sanin yadda inji ke aiki ne ya sa yake gyara shi. Tun ranar da ubanki, yayana, ya rasu ya bar mini ke, tukunyar nan ce ta riƙe mu. In harshen ya tafi, rumfar ta tafi. Ki duba littattafanki ki gaya mini abin yi.

Na sa miki yaji da ƙuli-ƙuli. In gishirin yajin ya yi yawa kada ki faɗa mini.

Goggonki,
Celina

Maiduguri
24 ga Fabrairu, 2024

Goggona,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan jikin ya yi sauƙi. Lafiyata ƙalau, kuma ina cin abinci, ki daina yi mini sharri. Saƙo ya iso, 'yan ɗakinmu sun kusa cinye ƙuli-ƙulin kafin in gama karanta takardarki. Ki gaishe mini da Anti Rukayya da Oga Chidi.

Goggo, kin ga ikon Allah? A satin nan muka shiga darasin yadda abinci ke narkewa a jiki, kuma daga baki aka fara. Kamar don ke aka shirya shi. Zauna ki sha karatu.

Yawu ba daga maƙogwaro yake tasowa ba kamar yadda muke zato. Maɓuɓɓuga gare shi, manya guda shida, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. A yini ɗaya lafiyayyen mutum yana haɗiye yawun da ya kai ledar ruwa biyu zuwa uku bai ma sani ba. Shi ke jiƙa loma ya dunƙule ta, ya sa mata santsi ta zame ta wuce. Shi ke fara narkar da tuwo tun a baki, kafin tumbi da hanji su karɓi aikin. Shi ya sa in mutum ya daɗe yana tauna burodi sai ya ji ya soma zaƙi. Harshe kuma ba ya jin gishiri sai gishirin ya narke tukuna. Ke nan harshenki bai mutu ba, Goggo, ruwan aiki ya rasa.

Yanzu ga inda maganinki yake. Maɓuɓɓugan nan jijiyoyi ke ba su umarni. Ƙamshin abinci yana tsokanarsu, tauna ma haka, amma babu abin da ya kai tsami. Malaminmu ya shigo aji da lemon tsami, ya yanka a gabanmu ya matsa a bakinsa. Wallahi mu ɗari da wani abu duk muka hau haɗiyar yawu, har ya yi ta mana dariya. Ya ce kun gani, ko taɓa harshenku bai yi ba.

Saboda haka ga abin da za ki yi. Ki sayi tsamiya mai kyau, ki ɓare, ki sa ɗaya a kunci ki riƙa tsotsa. In ta salance ki sake wata. Kada ki bar bakin haka nan tun safe har dare. Ruwan da kike yawo da shi a gora ki matsa masa lemon tsami. In tsamin ya yi miki yawa ki ɗan dangwala sukari. Maɓuɓɓugan barci suka yi, tsami zai tashe su. Ina ganin kafin Ista kin koma lasar miyarki kina yi wa mutane tsawa.

Maganar ido kuwa, wannan ai hayaƙin itace ne. Sau nawa na ce ki koma gawayi? Ki riƙa wanke shi da ruwan sanyi. Ba sai kin rufe rumfa kin je kin yini a layin asibiti ba tukuna, ki fara gwada wannan.

Taki har kullum,
Hadassah, wadda kuka naɗa Likita ba ta nema ba

Kakuri
17 ga Maris, 2024

'Yata,

Na gaishe ki. Ubangiji ya ƙara miki basira. Jiki kam ga shi nan, muna lallaɓawa.

Takardarki sai da na karanta ta sau huɗu. Ranar Alhamis na tafi da ita taron zumuntar matan coci, na ba wata mai lafiyar murya ta karanta a gaban kowa. Da aka zo wurin maɓuɓɓuga shida sai ga mata suna lalube gaban kunnensu. Na zauna ina hura hanci, na ce wannan tuwon achana ne ya zama ilimi.

Washegari na shiga Kasuwar Monday na auno tsamiya mudu guda. Kwana ukun farko na ji ɗan danshi a ƙarƙashin harshe, har na yi waƙa ina tuƙa tuwo. Daga nan bai ƙaru ba. Amma ban fasa ba, tana kuncina tun na tashi har in kwanta, wani lokaci da ita barci ke ɗaukata. Ina dangwala sukarin kamar yadda kika ce, don in ba shi ba ba na iya riƙe ta.

Ɗanɗanon dai bai dawo ba. Da ina samun sauƙi wurin Rukayya, kowace miya ta yi sai in miƙa mata ludayi. To azumi ya kama, ta daina fitowa daga Tudun Wada da rana, sai yamma take suyarta a ƙofar gida. Ga ni ni kaɗai da tukwane huɗu ina zuba gishiri da ka. Jiya ya yi yawa, yau bai ji ba. Makanikai uku sun koma cin abinci wurin wata mata a bakin titi. Suna wucewa ta gabana suna sunkuyar da kai, har tausayi suke ba ni. Ban riƙe su ba, ko ni ce ba zan sayi abin da ban san yadda zan same shi ba.

Akwai abu biyu da nake so ki duba mini. Tsamin ya kashe mini haƙora, ko ruwan randa na kurɓa sai in ji shi har cikin kaina. Kuma gaban kunnena ya ɗan kumbura, dama da hagu, daidai inda kika kwatanta. Na ce ko maɓuɓɓugan ne suke farkawa? Ki gaya mini in ci gaba ko in dakata, abin da kika ce shi zan yi.

Idon yana nan yadda yake. Na koma gawayin.

Goggonki

Maiduguri
2 ga Afrilu, 2024

Goggo,

Barka da Ista. A tsaye nake rubuta wannan, Nicholas yana ta danna mini ham, jarrabawa kuma jibi. Lafiyata lau.

Kada ki tsorata. Kowa ya sha tsami haƙoransa suna mutuwa, yana wucewa. Kumburin kuma ina ganin alama ce sun kama aiki, tunda kin ce har kin ji danshi. Ki ci gaba, kada ki karaya tun yanzu. Malamin namu ya yi tafiya bai ƙarasa mana babin ba, sai zango mai zuwa, amma abin da muka yi ya isa.

Hutun nan ba zan samu zuwa ba, an tura mu aikin koyo a ɗakin gwaji. Ki ci abinci ko da kunu ne.

Hadassah

Maiduguri
20 ga Agusta, 2024

Goggo,

Ina gaishe ki. Ban san yadda jikinki yake ba, don kin ƙi gaya mini. Takarda biyu na aiko tun Mayu, shiru. In na kira sai ki katse ki turo mini "lafiya lau". Nicholas in na tambaye shi sai ya ce kina nan, yana maganar yana kallon tayar motarsa. Na ɗauka fushi kike don ban zo hutu ba.

Goggo, don Allah in akwai tsamiya a bakinki yanzu ki tofar. Na turo miki haka ta waya ɗazu, ina sake rubutawa don ki ga dalili. Ki zubar da sauran, da lemon, da sukarin.

Yau wata sabuwar malama ta ƙarasa mana babin yawu. Ashe aikinsa bai tsaya a jiƙa loma ba. A cikinsa akwai wani abu mai aiki irin na kanwa, shi ke kashe duk tsamin da ya shiga baki kafin ya taɓa haƙori. Shi ke wanke sukari da ƙwayoyin cuta. Har ɗan abin da tsami ya kankare a jikin haƙori shi ke mayarwa. Ƙwannafin da kika yi kuka da shi ma, yawun da ake haɗiya ne ke kwantar da shi. Ta ce mai lafiya ya sha tsami, yawu ya zubo ya wanke. Amma wanda maɓuɓɓugansa suka lalace, tsamin zama yake a kan haƙori yana ci, ba mai korarsa, in an haɗa da sukari kuwa an gama. Ta ce babban kuskure shi ne a ba irin wannan mutum abu mai tsami ya yini yana tsotsa. Ina zaune a layi na biyu, biro ya faɗi daga hannuna.

Bayan darasi na bi ta ofis da takardunki na Fabrairu da Maris. Ta karanta, ta sa yatsa a kan layin da kika ce idonki kamar an watsa yashi. Ta tambaye ni me na ce miki game da shi. Na ce hayaƙi. Ta ce baki ya bushe, ido ya bushe, gaban kunne ya kumbura, wannan ba barci ba ne, akwai ciwon da garkuwar jiki ke juyawa ta afka wa maɓuɓɓugan yawu da na hawaye, kuma tun ranar farko asibiti ya kamata ki nufa.

Na dawo ɗaki na buɗe littafin. Tsakanin inda na tsaya a Fabrairu da inda aka rubuta duk wannan, shafi biyu ne. Littafin yana kan gadona wata shida, ban juya ba, saboda ba a ce zai fito a jarrabawa ba.

Ki je asibiti gobe. Ki rubuto mini ko zagi ne. Ina jin tsoro, Goggo.

Hadassah

Kakuri
8 ga Satumba, 2024

Hadassah,

Na gaishe ki. Saƙonki na waya ya shigo, takardar ma ta iso. Kin ce in rubuto ko zagi ne. Zagin ma ai sai da yawu.

Tsamiya na daina tun Yuli, ba ke kika fara hana ni ba. Bari in ba ki labarin yadda aka yi, tunda kin nema.

A watan Yuni ina cin dafaffiyar doya, doya fa, ba ƙashi ba, na ji ƙaras. Na tofa a hannu sai ga rabin turmin haƙorina. Na duba madubi na ga gindin haƙoran duk sun yi baƙi a bakin dasashi. Ban daina ba. Na ce Likita ta ce kada in karaya. Na mayar da tsamiyar ɗaya kuncin.

Ranar Lahadin farko ta Yuli aka yi Jibin Ubangiji a coci. Na karɓi gurasar na sa a baki, ta manne mini a ganɗa, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Na yi ƙoƙarin haɗiyewa ta shaƙe ni. Na yi ta tari a gaban bagadi har na durƙusa, aka kama ni aka fitar. Kafin a tashi sujada magana ta zaga, wai wadda gurasar Ubangiji ta ƙi wucewa a wuyanta akwai abin da ta ɓoye. Matan da suka lalubi kunnensu suna tafa mini, su ne dai. Na so in yi kuka a wurin, na matsa na matsa, ko ɗigo.

Da Rukayya ta ji, ba ta ma yi shawara da ni ba. Ta tare Keke Napep ta tura ni ciki, muka haye gada sai asibiti. Likitan ya ba ni ɗan kofi ya ce in tara yawu na minti goma sha biyar. Na zauna riƙe da kofi kamar mai bara, lokaci ya cika ko gindinsa bai jiƙe ba. Ya saƙala mini wata 'yar takarda a fatar ido, ta fito a bushe. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ya faɗi sunan ciwon da Turanci, ban riƙe ba, amma bayaninsa ɗaya da na malamarki. Ya ce ba a warkewa, sai dai a lallaɓa. Ya ba ni ruwan ɗigawa a ido, ya ce in riƙa kurɓar ruwa zalla, ya tura ni wurin mai haƙori.

Ita mai haƙorin da ta leƙa bakina sai da ta ja da baya. Ta ce bushewar kaɗai tana cin haƙori, amma a hankali, wannan ɓarnar ta wata biyar ba ita kaɗai ba ce. Na gaya mata tsamiya da sukari. Ta ajiye abin hannunta ta ce, "Mama, wane mara imani ne ya ce ki yi haka?" Na ce wata mata ce a kasuwa, ban ma san sunanta ba. An cire biyar. Huɗu suna jiran layi, biyu daga ciki na gaba ne.

Rumfa kuma na rufe tun ƙarshen Yuli. Mutane sun yi ta raguwa har ya zama saura Oga Chidi. Kullum zai zo ya karɓi gwate, ya ce zai ci a garejinsa, ya dawo da kwano a share ya ce ya yi daɗi. Ran nan na bi shi da murfin da ya manta, na same shi a bayan wata mota yana juye wa kare. Muka haɗa ido. Dattijo da furfurarsa ya rasa inda zai sa kansa. Na karɓi kwanona na dawo na kashe wuta.

Kin ce ko fushi nake. Fushi nake, ba zan ɓoye miki ba. Sau uku na ɗauki biro na ajiye, don abin da zai fito ba na uwa ba ne. Amma in na gama fushi da ke sai in dawo kan kaina. Rukayya ta ce asibiti tun Fabrairu, na ce ina da likita a gida. Ke kin gaya mini ba likita ba ce ke, ni na ƙi ji, don ina son in ji ana faɗa a Kakuri. Kuma ni da na shekara ashirin ina kashe tsamin yakuwa da kanwa, na san abin da tsami ke yi wa tukunyar da aka bar shi ya kwana a ciki. Ban taɓa kawowa Allah ya zuba mini tawa kanwar a baki ba, sai da ta ƙare.

Yanzu kunu nake sha, da tuwo mai ruwa in an yi miyar karkashi, ita ce ke zamewa. Duk ɗanɗanonsu ɗaya. Na rame, zanena har sau biyu yake zagaye ni.

Celina

Maiduguri
19 ga Satumba, 2024

Goggona,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Na karanta. Kwana biyu ban shiga aji ba.

Me ya sa kika ce wata mata ce a kasuwa? Da kin faɗi sunana. Ni ce, Goggo. Kin tambaye ni ki ci gaba ko ki dakata, na amsa miki a tsaye ina sauri, ko zama ban yi ba.

Na yanke shawara. Zan ajiye karatun nan in dawo gida. Ni zan zama harshenki, ke ki zuba ni in lasa. Kafin in iso ki rubuta mini awon komai, gishiri cokali nawa, daddawa nawa, kanwa yaya, mu buɗe rumfar kafin Kirsimeti. Zan bi makanikan nan ɗaya bayan ɗaya in roƙe su su dawo. Zan tsaya a gaban zumuntar mata in faɗa musu abin da ya hana gurasa wucewa, da wadda ta jawo.

Ki yafe mini. Ko ba yanzu ba.

'Yarki,
Hadassah

Kakuri
6 ga Oktoba, 2024

'Yata Hadassah,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Jiki yana nan. An cire na gaban ranar Laraba, yanzu in na yi magana iska ke riga ni fita.

In kika kuskura kika ajiye karatun nan, kada ki sauka a gidana. Na faɗa wa Nicholas, in ya gan ki da akwati kada ya ɗauke ki. Haƙora tara na bayar, ba za ki ƙara mini da wannan ba.

Awon da kika ce in rubuta, na gwada. Na zauna da takarda da cokali yini guda. Ba ya rubutuwa. Daddawar wannan mata ba ƙarfinta ɗaya da ta waccan ba, yakuwar damina daban da ta rani, gishirin ma wani ya fi wani kaifi. Harshen ne ke sasanta su kullum, ni hannu kawai nake miƙawa. Ke kuma naki harshen mai kyau ne, amma ba shi ya shekara ashirin a kan tukunyar ba. Abin ya tafi, Hadassah. Ki bar shi.

Rumfar na bar wa Rukayya, ta ƙara shinkafa da wake a kan wainarta. Babbar tukunyar ma na ba ta, wadda kike shiga ciki ki ɓuya kina ƙarama. Da aka zo ɗauka na shige ɗaki. In iska ta juyo da rana ina jiyo ƙamshin girkinta daga nan. Da can ko ƙamshin albasa na ji bakina ya cika. Yanzu sai in tsaya in jira, ba abin da ke zuwa.

Matan zumunta kuma ba ki da abin gaya musu. Fasto ya yi musu bayani, yanzu a jiƙe ake ba ni gurasar. Har gobe suna tambayata yaya Likita, ina cewa tana lafiya, ta kusa gamawa. Haka za a bar shi. Mata a kasuwa ce ta ba ni tsamiya, na faɗa kuma ban janye ba.

Maganar yafiya, na yafe tun ranar da na yi wa mai haƙori ƙarya. Fushin ne bai gama sauka ba, ki ba shi lokaci. Abu ɗaya na roƙe ki. Wata rana wani zai zo miki da ciwonsa, ya yarda da ke yadda na yarda. Kafin ki buɗe baki, ki juya shafin.

Takardarki ta zo duk tawada ta ɓaci, wuri huɗu na ƙirga inda hawayenki ya ɗiga. Na daɗe ina shafa wurin da yatsa. Kishi na ji, wallahi. Tun Yuli nake neman kukan rumfar nan, fuska ta yamutse, ƙirji ya yi ta tsalle, ido ƙamas. In kin ga danshi a gefen wannan takardar, gorar ruwana ce ta zuba. Ke da kike da su, ki yi mana mu biyu, sannan ki wanke fuska ki tafi aji.

Goggonki,
Celina